Ƙwaro Mai Dogon Ƙaho da Mutuwar Dazukan Fain na Japan

(Lacca ce da aka gabatar wa ɗaliban gandun daji da wasu masu sana'ar katako. An rubuto ta daga rikodin, an bar maganar yadda ta fito.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaban taro, malamaina da ke gaba, iyayenmu masu sana'ar katako da na hango can gefe, ɗalibai, barkanku da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla. In murya ta yi ƙasa ku ɗaga hannu, kada ku yi kawaici.

An ba ni minti arba'in, kuma abu huɗu na zo da su. Na ɗaya shi ƙwaron. Na biyu abin da yake ɗauke da shi. Na uku yadda ƙasashe suka yi fama da shi. Na huɗu abin da ya shafe mu a ciki. Allah ya sa mu kai ga na huɗun.

Kafin ƙwaro, bari mu fara da bishiyar. Sunanta fain. Ba bishiyar ƙasar Hausa ba ce, amma wanda ya je Jos, ko ya bi ta Afaka kusa da Kaduna, ya ga gandunanta, waɗanda ma'aikatan gandun daji suka dasa da irin da aka kawo daga Amurka ta Tsakiya. Doguwa ce, miƙaƙƙiya, ganyenta sirara tsinke-tsinke, kore shar rani da damina. In ka sare ta sai wani ƙaro mai danƙo da ƙamshi ya tsattsafo. Ku riƙe maganar ƙaron nan, duk labarin a kansa yake. Yawancin katakon da ake yin falet, wato dandamalin katako da ake ɗora kaya a kai, da akwatunan kaya a duniya daga ita da 'yan'uwanta ake samunsa. Baba na can yana gyaɗa kai, ya san katakon, fari mara nauyi, ƙusa tana shigarsa ba gardama.

A Japan iri biyu ne suka fi yawa, baƙa a bakin teku, ja a kan tuddai. Baƙar nan da hannu aka dasa da yawanta, shekaru ɗaruruwa da suka wuce, shinge-shinge a gaɓar teku, don ta tare rairayi da iska mai gishiri kada su binne gonakin shinkafa. Saboda haka in ta mutu, ba ado kaɗai aka rasa ba.

To, ƙwaron. A nuna mana hoton farko. Yauwa. Sunansa a littafi Monochamus alternatus, kada ku wahalar da harshenku, mu ce masa mai dogon ƙaho. Tsawonsa santimita biyu zuwa uku, jaja-jaja ne ruwan ƙasa, da ɗigo-ɗigon fari da baƙi a fiffike. Waɗannan abubuwa biyu da suka fito daga kansa suka lanƙwaso, ba ƙahon tunkuyi ba ne, da su yake shaƙar wari yana laluben hanya. Na namiji sun ninka tsawon jikinsa biyu, har su ɗara. In ka kama shi sai ya yi ta ƙiiƙ-ƙiiƙ, yana goga wuyansa, kuma yana cizo, bakin da ke huda katako ba zai ji kunyar yatsanka ba.

Ƙwaron nan ɗan gari ne a Japan. Tun fil azal yana nan, a Japan, a Sin, a Koriya. Kuma ba wanda ya damu da shi, don ba ya iya kashe lafiyayyar bishiya. In macen ta yi ƙwai a jikin mai lafiya, ƙaro ne zai kwararo ya shaƙe ƙwan. Dole sai wadda take gargara, wadda iska ta karya, ko tsawa ta faɗa wa, ko inuwar manya ta danne. Irin waɗannan a daji mai lafiya ba su da yawa, don haka shi ma bai da yawa. Talaka ne, yana cin abin da ya samu.

Sai a 1905, a Nagasaki, garin tashar jiragen ruwa, aka fara ganin fain suna mutuwa da yawa. Bishiya lafiya lau a watan Yuni, kafin Oktoba ta yi jawur, ganyen bai ko zube ba, yana nan a maƙale. Aka sare, aka ɓare ɓawo, aka ga ƙwari iri-iri suna ci. Shi ke nan, aka ce ga masu laifi. Shekara sittin da 'yan kai ana kan wannan fahimta, ana cewa ƙwari ne ke cinye fain.

Sai dai wasu masu bincike, a shekarun 1960, sun lura da wani abu da bai yi daidai ba. Ga yadda ake gwadawa, kuma har yau ana yi. Ka ɗauki ƙarfen huda, ka cire ɗan ɓawo zagayayye daga gindin bishiyar, har ka ga farin katako. Ka tafi, ka dawo bayan 'yan sa'o'i ko washegari. Mai lafiya za ka tarar ƙaro ya cika ramin har ya zubo ƙasa yana ɗigowa. Mara lafiya kuwa ramin a bushe, ƙayau, alhali ganyenta kore ne, kuma ba ƙwai ko ɗaya a jikinta tukuna. Ka ga ke nan ciwon ya riga ƙwarin zuwa. Su zuwa makoki suka yi, ba su suka yi kisan ba.

Wa ya yi? A 1971 wasu masu bincike biyu a tsibirin Kyushu, Kiyohara da Tokushige, suka ba da amsa. Suna neman fumfuna a cikin matattun itatuwa, sai suka riƙa ganin wata 'yar tsutsa siririya a duk inda suka duba. Ba ta kai milimita ɗaya sosai ba, sai da madubin likita ake ganinta. Suka raine ta, suka zuba wa lafiyayyun bishiyoyi, bishiyoyin suka mutu irin mutuwar nan. Masana suna ce wa danginta nematod. Kun san danginta ba ku sani ba: kurkunu ɗan gidan ne, haka wadda take sa saiwar tumatir ta yi ƙulu-ƙulu a Kadawa. Don kada mu ruɗe da tsutsar ƙwaron, wannan zan riƙa ce mata 'yar zare. Shekara guda bayan haka, 1972, aka tabbatar cewa mai dogon ƙaho ne ke ɗaukar ta daga bishiya zuwa bishiya. Sauro da zazzaɓi ke nan: cizon ba komai ba ne, abin da ya bari a wurin cizon shi ne bala'in.

Ita kuma baƙuwa ce. Asalinta Amurka ta Arewa, tun 1934 aka rubuta ta a jihar Louisiana, kuma a can ba ta cika kashe fain ɗin ƙasar ba, sun saba da juna. A cikin gumaguman katako ta tsallako teku. Ta zo ta tarar da bishiyoyin da ba su san ta ba, ta kuma tarar da direba yana jira. Da ɗan gari kan ci gari, jama'a.

Yanzu na biyu. A'a, mun riga mun shiga na biyun. To ku gyara zama, don nan ne wurin da nake so, kuma shugaban taro ya yi mini afuwa in na daɗe.

Mu fara daga watan Yuni. Ƙwaro ya fito daga mataccen gungume, ya huda rami zagayayye sumul wanda fensir zai shiga. Yunwa yake ji, kuma bai isa aure ba tukuna, sai ya ci na 'yan makonni. Me yake ci? Ɓawon ɗanyun rassa na sama, na lafiyayyar bishiya. Yana gaigaya yana barin ciwo. Ƙwaro ba da hanci yake numfashi ba, wasu 'yan ƙofofi ne a gefen jikinsa, da bututai a ciki. A cikin bututan nan 'yar zare take maƙare. Ƙwaro ɗaya yana iya ɗaukar dubbai, an samu wanda ya ɗauki sama da dubu ɗari biyu. Ɗaya tak! Har lodin yana rage masa kwana, yana rage masa ƙarfin tashi. Direbobinmu na hanyar Legas ba su suka fara obalodi ba. [dariya]

Yana ci, su kuma suna fitowa ta ƙofofin numfashin, su gangara ta wutsiya, su sauka a kan ciwon, su shige. Ta ina suke bi a cikin bishiyar? Ta hanyoyin ƙaro. Hanyar da bishiya ta tanada don kare kanta, ita ce titinsu. Suna tsotse ƙwayoyin da ke yin ƙaron, ƙaro ya ƙafe. Shi ne busasshen ramin da na gaya muku. In da zafi, daga ƙwai zuwa uwa kwana huɗu ne zuwa biyar. Ɗalibai, ku lissafa wannan a wata biyu. Sannan bututan da ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye su fara shan iska, ruwa ya yanke. Bishiya tana tsaye a ƙasa mai laima, ƙishirwa ta kashe ta. Shi ya sa cutar take son shekarar zafi da fari, kuma ba ta cika yin kisa ba a inda matsakaicin zafin bazara bai kai digiri 20 ba.

To ga inda abin yake ba ni mamaki. Bishiyar da take gargara tana fitar da wani wari, haɗin ƙamshin ƙaro da warin tsami irin na abin da ya fara ruɓa. A daidai lokacin, wajen Yuli zuwa Agusta, ƙwarin nan sun ƙoshi, sun balaga, suna neman inda za su yi ƙwai. Dogon ƙahon nan ya shaƙo warin. Su taru. Macen ta sa baki ta tsaga ɓawo, 'yar tsaga kaɗan, ta juya, ta sa ƙwai ɗaya, ta matsa gaba ta sake. Ba ƙaron da zai shaƙe shi, an riga an kashe mai gadi. Kun gani? Da can sai ya yi yawo ya samu bishiya ɗaya mai mutuwa. Yanzu shi da kansa yake samar da su, da taimakon fasinjarsa. Ita ta samu mota, shi ya samu ɗakin haihuwa. Kowa ya ci riba sai bishiya.

Ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsa fara mara ƙafa, mai faɗin kai. Tana cin ƙarƙashin ɓawo, tana turo dusar katako waje, zare-zare, ba gari ba. In ka tsaya kusa da irin wannan gungume da rana tsaka, ka yi shiru, za ka ji ta: ƙurus, ƙurus, ƙurus, daga 'yan taku ma ana ji. Da sanyi ya gabato sai ta nutsa cikin katakon, ta yi rami mai lanƙwasa, ta toshe baya da zaren katako, ta kwanta a ɗaki a ƙarshensa. Duk hunturu tana nan.

Ita 'yar zare fa? Bishiya ta mutu, abincin farko ya ƙare. Sai ta koma cin fumfuna, wadda take sa katako ya yi shuɗi-shuɗi. Baba, kun san katakon fain mai shuɗin tabo, ko? To wannan. Wajen ƙarshen sanyi sai su daina haihuwa, su fara tattaki a cikin katako, daga ko'ina, su taru a bangon ɗakin tsutsar. Su yi dafifi suna jira. Ba sa shiga jikin tsutsa, ba sa shiga lokacin da take rikiɗa. Sai ranar da ta zama cikakken ƙwaro, jikinsa bai gama tauri ba, ran nan su ma za su sake fata, su zama irin da ba ya ci, ba ya sha, mai jure bushewa, su bi iskar da yake fitarwa su shige ƙofofin numfashinsa. Masu bincike a ƙasar Sin ma sun nuna cewa akwai sinadarin da su da ƙwaron suke fitarwa wanda yake daidaita musu lokaci, na 'yar zaren har yana gaggauta wa ƙwaron rikiɗa. Fasinja tana cewa direba tashi mu tafi. Subhanallah. Halittar da ba ta da ido, amma ba ta taɓa makara a tasha. Ni duk shekarun da nake karantar da wannan, in na zo nan sai tsigar jikina ta tashi.

Sai Yuni ta zagayo, ramin fensir, a sake sabon lale.

Me wannan ya nuna mana? Daga Satumba zuwa Mayu, wata tara cur, ƙwaron da 'yar zaren duk suna kulle a wuri ɗaya, a cikin mataccen itace, ba mai tashi ba mai gudu. Duk wanda ya ɗauke itacen nan ya ƙone kafin Yuni ya kashe su gaba ɗaya. Ba magani, ba jirgi, ba digiri. Gatari da murhu.

Kuma wannan ne ya faru a Japan shekara da shekaru ba tare da an san ana yi ba. Mutanen ƙauye da itace suke girki, da shi suke dafa ruwan wanka, da shi ake dafa gishiri da gasa tukwane. Busasshiyar fain ba ta kwana biyu a tsaye, wani ya sare ya kai gida. Har ganyen da ya zuba share shi ake yi a hura wuta. Don haka cutar ta daɗe tana rarrafe a kudu da yamma, kusa da tashoshin ruwa, da masana'antun takarda, da ramukan haƙar kwal inda ake tara gumagumai. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ta jigilar katako barkatai, dazuka ba mai kula, ɓarnar ta yi sama, wajen 1948 ta haura mita kubik miliyan ɗaya a shekara. Mita kubik, wato tulin katako mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. A lokacin Amurka ce ke riƙe da ƙasar. Suka kawo wani masanin ƙwari mai suna Furniss, ya ba da shawara: a sare matattu, a ɓare ɓawo, a ƙone. Hukumar soja ta ce a yi, kuma umarnin soja ba a ce masa sai gobe. Ga mutane suna matsananciyar buƙatar itace bayan yaƙi. Ɓarnar ta sauko ƙasa da rabi. Ku lura, a lokacin ba wanda ya san da 'yar zare. Sun yi maganin daidai a kan dalilin da ba daidai ba.

Sai arziki ya zo. A shekarun 1960 kananzir da gas suka shiga kowane gida. Matasa suka tafi birni aikin masana'anta. Katakon waje ya yi araha. Busasshiyar fain ta zama ba mai so, ko kyauta. Ta tsaya a kan tudu daga kaka har bazara, ta yaye 'ya'yanta lafiya. A 1978 aka yi bazara mai tsananin zafi da fari, a 1979 ɓarnar ta kai mita kubik miliyan 2.43, mafi yawa a tarihin ƙasar. Wannan fa bayan an gano 'yar zare, bayan an yi doka ta musamman a 1977 ana feshi da jirage masu saukar ungulu. Ilimi ya ƙaru, kuɗi sun ƙaru, magani ya ƙaru, amma tsohuwa mai ɗaukar itace ta daina zuwa daji.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Malam ya ce a je a sare daji a yi girki. Na ga wasu suna murmushi. Mu matsalarmu akasin tasu ce, mu ɗanyen ma ba mu bari ba. [dariya] Abin da nake so ɗalibai su gane shi ne, mutumin da ke shiga daji yana cikin lissafin dajin. Ka cire shi, lissafi ya canza, ko da kai a ofis ba ka taɓa rubuta sunansa ba. Har wani naman kaza mai tsada da suke ji da shi, matsutake, wanda ke fitowa a gindin jar fain a ƙasar da aka share, ya bi sahu. A 1941 an tsinci kusan tan dubu goma sha biyu, yanzu shekara takan wuce ba a haɗa tan ɗari ba.

Feshin kuma, shi ma ya jawo rigima. Maganin yana kashe ƙwaron in ya zo cin rassa, gaskiya ne, amma yana sauka a kan ƙudan zuma, a kan ruwa, a kusa da makarantu, mutane suka yi ta ƙorafi, aka yi ta rage shi. Kuma in ka fesa wannan tudun, na kusa da shi cike da matattu, to an kashe maciji ba a sare kansa ba.

An miƙo mini takarda, wai saura minti biyar. Innalillahi. To na uku da gudu. Ko na huɗu ne? Na uku.

Sin, 1982, a Nanjing, kusa da kabarin tsohon shugabansu Sun Yat-sen. Koriya ta Kudu, 1988, a Busan, shi ma garin tashar ruwa. Su Koriyawa sukan sare, su yayyanka, su tara, su zuba magani mai turiri, su lulluɓe da koren tamfol, in ka bi dazukansu za ka ga tulin nan birjik. Turai, 1999, a Fotugal, yankin Setubal kudu da Lisbon, kusa da tashar ruwa kuma. A can babu wannan ƙwaron, amma akwai ɗan'uwansa, Monochamus galloprovincialis, shi ya karɓi tuƙin. Suka sare fain a wani zobe mai faɗin kilomita uku kewaye da yankin, don kada ƙwaro ya tsallake. A 2008 sai ga cutar a tsakiyar ƙasar, can nesa da zoben. Ƙwaro bai tsallake ba, a mota aka kai shi. A shekarar ta ɓulla a Sifen, a 2009 a tsibirin Madeira na Fotugal. Shi da fiffikensa yawanci 'yan ɗaruruwan mita ne, in ya yi ƙoƙari 'yan kilomita. Duk wani dogon tsalle, mu ne. Tsibirin Okinawa na Japan ma a 1973 cikin katakon gini ta shiga.

Sauran dabaru: ana yi wa manyan bishiyoyi masu daraja allura a gindi, amma da tsada, kuma sai an maimaita. Ana kafa tarko mai warin bishiya mai mutuwa. Ana kafa wa maƙwaƙƙwafi gida don yana zaƙulo tsutsar. Tun 1978 Japan take zaɓen waɗanda suka tsira a dajin da ya ƙare, a zuba musu 'yar zare da gangan, wadda ta rayu a yi iri da ita. Daga dubban da aka gwada a zagayen farko, ja 92 suka haye, baƙa 16 kacal. Yau cutar ta taɓa kowane lardi na ƙasar ban da Hokkaido mai sanyi. Na huɗu kuwa... to, ga hannu can. Bismillah Baba, a miƙa masa abin magana.

[Wani dattijo daga cikin masu sana'ar katako:] Allah ya gafarta Malam. Ni kafinta ne. Mu falet ɗin nan da ake sauke kaya a kai muke saya, mu warware, mu yi benci da teburin mai shayi da akurkin kaji. Wani lokaci muna ganin ramuka a jiki. To wannan abin zai shigo mana ta nan? Zai kama mana darbejiya da mangwaro?

Allah ya saka da alheri Baba, kun yi mini na huɗun, kun ma fi ni iya shirya shi. Darbejiya da mangwaro da kuka, ku kwantar da hankali, 'yar zaren nan fain take ci da danginta. Abin da za a sa wa ido su ne gandunan Afaka da na Filato da makamantansu, tunda zafin da take so ba mu rasa shi ba.

Amma falet, ƙwarai, ita ce babbar hanyar da irin waɗannan ƙwari suke yawon duniya, ba wannan kaɗai ba. Saboda haka a 2002 ƙasashe suka amince da wata ƙa'ida, ISPM 15. Duk katakon da za a ɗora kaya a kai ya tsallake iyaka, sai an gasa shi har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na minti 30, ko a turara shi da magani. Wannan zafin yana kashe tsutsar, yana kashe 'yar zaren. Sannan a buga hatimi. Gobe in kun je rumfa, Baba, ku juya falet ɗin ku duba ƙafarsa ta gefe. Za ku ga tambari, yawanci na wuta: hoton zangarniyar alkama, sai haruffa biyu na ƙasar da aka yi shi, CN Sin ke nan, PT Fotugal, NG mu. Sai lambar wanda ya gasa. Sai HT in gashi ne, MB in turaren magani ne. Ni dai mai MB ba zan yi allon yanka nama da shi ba, ba kuma zan gasa tsire a kansa ba. Falawud ba ya buƙatar hatimi, zafin da aka haɗa shi da shi ya wadatar.

Rami shi kaɗai ba abin tsoro ba ne. In tsoho ne, ya yi baƙi, ba dusa, to mai gidan ya daɗe da tashi, ko wuta ta same shi a ciki. Abin da za ku duba uku ne: ɓawo da ya rage a jikin katakon, sabuwar dusa fara tana zubowa, da tsutsa mai rai in kun tsaga. Hatimin ma ana buga na jabu, wannan ba sai na gaya wa ɗan kasuwa ba. In kun ga mai rai a katakon da ya zo daga waje, kada a jefar bayan rumfa. A sa tsutsar a kwalba, a kai wa jami'an hukumar killace kayan gona, suna Apapa, suna filin jirgin Kano, katakon kuma a sa shi a wuta ran nan.

[Dattijon:] To Malam, in kaji suka riga mu cinye tsutsar fa?

To kaji sun yi aikin hukuma, Baba, sai a biya su alawus. [dariya] Amma dai a ƙone katakon, don abin da ke ciki kaza ba ta ganinsa.

Akwai wani hannu can, 'yata mai shuɗin hijabi. A'a, shugaba ya ce an kira salla. To ki same ni a waje bayan an idar. In maganar ƙwaron nan da yake yi wa rassan kashu kaciya ne a Kogi, baƙi mai ratsi uku ruwan lemo, ɗan gidan su ne, shi ma mai dogon ƙaho, amma shi da bakinsa yake ɓarna, ba ya ɗauke da kowa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.